Rumbun makaranta bai kamata ya zauna cikin aljihun malami ba

Kowane watan Oktoba, idan aka koma makaranta, akwai asarar da muke yi wadda ba wanda ke lissafa ta. Takardar canjin wurin aiki ta fito, an tura wane Tasawa, an mai da wance Madawa, an kawo mana sababbin fuskoki. Malamin da ya tafi ya tafi da shirin darussan da ya yi shekaru yana gyarawa, da tambayoyin jarrabawar da ya gwada ya ga suna auna yaro daidai, da jerin sunayen yaran da ke da rauni a karatu ko a lissafi. A da cikin kaye suke, yau cikin kile USB suke, wanda bai kai ɗan yatsa ba. Wanda ya gaje shi kuma sai ya soma daga farko, kamar ba a taɓa koyarwa a ajin ba. Yara ne ke biyan kuɗin wannan asara, domin wata biyu na farkon shekara suna tafiya a lalube.

Makarantar da nake koyarwa ta haɗa firamare da koleji, kuma muna da kwamfuta tara: shida a ɗakin ƴan makaranta, biyu a ɗakin malamai, ɗaya a ofishin direkta. Duk kwance ne, an ba mu su kyauta bayan sun gama aiki a wani wuri. Shekaru da dama kowace tana zaune ita kaɗai, kamar maƙwabtan da ba su gaisawa. In kana son takardar da ke cikin ta ofis, sai ka ɗauki kile ka je ka jira sakatare ta gama abin da take yi, ka kwafa, ka dawo. In za ka buga, sai ka sake komawa, tunda injin buga takardu ɗaya ne kuma can yake.

Wanda ya yi aiki da kile a makaranta ya san halinsa. Yana shiga kwamfutar mai buga takardu na bakin kasuwa, ya shiga ta gidan wani, ya dawo ta makaranta, duk inda ya shiga yana kwaso abin da ya tarar. Akwai birus ɗin nan da kusan kowane malami ya taɓa gamuwa da shi, wanda ke ɓoye dosiyoyinka ya bar maka gunkinsu mai ƴar kibiya a gefe. Ka latsa kana zaton aikinka ne za ya buɗe, ashe cutar ce kake ƙara shukawa. Na ga malama tana hawaye a ɗakin malamai ana saura kwana uku a raba bilten, makin aji guda ya ɓace mata. An samo shi daga baya, domin birus ɗin ɓoyewa yake yi, ba ya sharewa, amma kwana biyu ta yi ba barci. Ban da wannan akwai rikicin kwafi: takarda ɗaya ta zama huɗu, kowace da ɗan bambanci, ba wanda ya san wadda direkta ya amince da ita.

Da aka fara maganar a haɗa kwamfutocin, amsar da kowa ya bayar ita ce, “Ai ba mu da konekson.” Nan ne kuskuren fahimtar yake, kuma na lura har uwayen yara masu ilimi suna yin sa. Mun saba jin kalmar rezo tare da salula da sayen mega, shi ya sa muke zaton kwamfuta biyu ba su iya magana sai an biya kamfanin sadarwa. Rezon cikin gida daban yake da intanet. Kwamfutocin da ke cikin gini ɗaya suna iya miƙa ma juna takardu ta waya ko ta wifi, ba tare da ko dala ta fita ba, ba tare da abin ya bar harabar makaranta ba. Fasahar ma ta girmi yawancinmu. A shekarar 1973 Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro tsarin Ethernet a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya ta Amurka, kuma dalilin ƙirƙirarsa bai wuce irin namu ba: kwamfutocin ofis su haɗu da juna, su kuma yi tarayya a injin buga takardu guda.

Kayan da muka nema kaɗan ne. Wani ɗan akwati mai ramuka da masu sayarwa ke kira suwic, da nadin wayar rezo, da kawunan roba da ake matsawa a bakin kowace waya, waɗanda ake ce ma RJ45. Wani tsohon ɗalibinmu da ke gyaran kwamfuta ya zo ranar Asabar ya ja wayoyin ta bin bango. Ya faɗa mana ƙa'ida ɗaya: kada tsawon waya guda ya wuce mita 100, in ya wuce saƙo ya fara raunana. Tsakanin ofis da ɗakin ƴan makaranta bai kai haka ba. Kowace kwamfuta ta samu lambarta, irin lambar nan da ke farawa da 192.168, wadda aka keɓe don rezon cikin gida, ba ta aiki a waje. Muka zaɓi wadda ta fi ƙarfi a cikin biyun ɗakin malamai ta zama rumbu, aka kafe mata lambarta don kada ta riƙa sauyawa duk sanda aka kunna ta, in ba haka ba sauran za su wayi gari su neme ta su rasa.

Sauran aikin a cikin Windows yake, kuma bai fi ƙarfin malami ba. Ka latsa dosiye da maɓallin dama, ka shiga Propriétés, ka nemi Partage, ka zaɓi waɗanda za su gan shi. A ɗaya kwamfutar kuma ka rubuta sunan rumbun ko lambarsa bayan karkatattun sanduna biyu, sai ga dosiyen ya bayyana. Ana iya ba shi harafi, a ce Z, ya zauna kusa da C kamar diskin cikin kwamfutar ne. Yaren da suke magana da shi a wannan aiki sunansa SMB, an fara shi a kamfanin IBM a shekarun 1980, daga baya Microsoft ya ɗauke shi. Wanda ke aiki da Linux ma ba a bar shi a baya ba, domin tun 1992 wani ɗan Ostireliya mai suna Andrew Tridgell ya fitar da manhajar da ta zama Samba, wadda ke sa Linux ta fahimci wannan yare, kuma kyauta ce. Ko tsohon suwic mai gudun megabit 100 yana kai fayil mai girman giga ɗaya cikin kamar minti ɗaya da rabi. Abin da ya kamata a sani shi ne Windows na yau da kullum ba ya barin fiye da kwamfuta 20 su shiga dosiye ɗaya a lokaci guda. Mu da ke da tara, wannan bai dame mu ba.

Jan waya yini ɗaya ya ci. Shawo kan mutane ya ci wata uku. Da aka buɗe dosiyen da muka sa ma suna “Darussa”, sati biyu ya yi fayau. Kowa na leƙawa ya ga ko wani ya zuba, ba mai son ya fara. Akwai wani dattijo a cikinmu, malamin lissafi, wanda saura masa ƴan shekaru ya yi ritaya, kuma kowa ya san fish ɗinsa na aji uku na koleji babu kamarsu a unguwar. Na same shi bayan azahar a gindin bedi na ce, “Baba, da ka sa mana naka, ai da kowa ya bi.” Ya dube ni ya ce, “Ƙanena, shekara ashirin da wani abu ina gyara takardun nan da daddare, da fitilar ƙwai na fara. Yanzu in zuba su inda yaron da ya zo jiya za ya kwashe, ya goge sunana, ya kai ma insfekta a ce ya iya aiki? Ko wani ya taɓa mani lamba guda a cikin lissafi, yara su koyi kuskure da sunana?”

Ban ga laifinsa ba. Tsoro biyu ya faɗa, kuma dukansu na gaskiya ne: a ci guminsa, ko a ɓata masa aiki. Abin da ya warware maganar yana cikin na'urar kanta. Idan za ka raba dosiye, Windows na tambayarka iri biyu: Lecture, wato mutum ya karanta ya kwafa kawai, ko Lecture/écriture, wato ya iya sauyawa har ya share. Muka tsara cewa kowane malami yana da dosiye da sunansa a cikin “Darussa”. Shi kaɗai ke iya rubutu a ciki, sauran sai dai su karanta. Muka kuma yi alkawari a taron malamai, aka rubuta, cewa duk wanda ya ɗauki fish ɗin wani za ya bar sunan mai shi a sama, in ya yi gyara ya ƙara nasa a ƙasa. Dattijon ya sa aka nuna masa da idonsa: wani ya gwada share takardarsa daga ɗaya kwamfutar, ta ƙi. Washegari ya kawo babi biyu. Bai kawo duka ba, har yau ma akwai waɗanda ya riƙe, kuma haƙƙinsa ne. Amma biyun nan sun isa su sa sauran su ji kunyar barin nasu dosiyen babu komai.

Abin da na koya a nan shi ne mutane ba rowa ce ke hana su rabawa ba, rashin tabbas ne. Manomi na iya zuba hatsinsa a rumbun gayya in ya san wa ke riƙe da makulli, ya kuma san za a auna masa da tiyar da aka karɓa. In babu wannan, gara ya ajiye a ɗakinsa ko da gara za ta ci.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi uwayen yara kai tsaye. Ba kowane abu ne na rabawa ba. A cikin kwamfutocin makaranta akwai makin ɗanka, da ranar haihuwarsa, da lambar wayarka, wani lokaci har da bayanin rashin lafiyarsa ko bashin kuɗin makarantar da ake bin ka. Akwai kuma tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna. Hanya mafi sauƙi ta haɗa rezo ita ce a buɗe diski C gaba ɗaya ga kowa, a kashe neman kalmar sirri, kuma masu gyara da yawa haka suke yi don su gama da wuri. Duk makarantar da ta yarda da haka ta ba kura ajiyar nama. Yaron aji huɗu na koleji da ke zaune a ɗakin kwamfuta ya fi malaminsa saurin hannu, kuma ba sai ya kasance mugu ba kafin ya leƙa inda aka bar masa ƙofa a buɗe. In ya ga 7 bisa 20 a gaban sunansa kuma ya ga ana iya sauyawa, mun sa shi cikin jarrabawar da ta fi ta lissafi wuya.

Saboda haka muka raba rumbun gida uku. “Darussa” na malamai ne. “Karatu” na ƴan makaranta ne, su karanta kawai. “Ofis” kuwa, inda maki da bayanan yara suke, mutum uku ne ke da izinin shiga, kowane da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma malami na shigar da makin darasinsa ne a takardar da aka keɓe masa. Tambayoyin jarrabawa ba su shiga rezo ko kaɗan sai bayan an yi ta. Daga nan a zuba su cikin “Karatu” don ƴan baya su yi bita. Wannan ba tsantseni ne na banza ba. Tun shekarar 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan sirrin mutane, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora ma wannan aiki. Bayanan yaro amana ce a hannun makaranta, ko a kaye suke ko a kwamfuta.

Akwai wani haɗari da haɗuwar kanta ke kawowa. Wayar da ke kai darasi daga ɗaki zuwa ɗaki ita ce kuma ke iya kai cuta. A watan Mayun 2017 wani birus mai suna WannaCry ya bazu a ƙasashe kusan 150. Yana kulle takardun mutum ya ce sai an biya fansa. Asibitocin Ingila da dama sun soke ganin marasa lafiya a ranakun saboda kwamfutocinsu sun tsaya. Ta ina ya shiga? Ta wata ɓaraka a tsohon samfurin SMB, wato ainihin hanyar raba dosiyen da nake magana a kai. Da ya kama kwamfuta ɗaya, da kansa yake tsallakawa zuwa sauran, ba sai wani ya latsa komai ba. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Irin kwamfutocin da ake ba makarantunmu kyauta sau da yawa tsofaffin Windows ne ke kansu, alhali an daina kula da Windows XP tun 2014, Windows 7 kuma tun Janairun 2020. Biyu daga cikin namu da suka tsufa ainun Linux aka sa masu. Kuma da mai gyaran ya ce a kunna tsohon SMB don wata tsohuwar na'ura ta ga rumbun, muka ce a bar ta a waje. Kile kuma bai shiga kwamfutar rumbu. Wanda ya zo da shi daga gida, akwai kwamfuta ɗaya da aka ware mai maganin birus, nan za ya fara sa shi.

Tara komai wuri ɗaya na da nasa sharaɗin: gobara ɗaya na iya cinye shi duka. Diski na mutuwa, balle a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu na shiga ko'ina, wuta kuma na ɗaukewa ba sallama. Akwai ma abin da mutane da yawa ba su sani ba: in ka share fayil a dosiyen da ke wata kwamfuta ta hanyar rezo, ba ya zuwa kwandon shara inda za ka iya maido shi, tafiya yake yi kai tsaye. Shi ya sa kowace Juma'a kafin a tashi ake kwafe rumbun duka a wani diski na waje, a cire shi, a kulle a kabad ɗin direkta. Cire shi ɗin na da muhimmanci, domin diskin da aka bari a jone, birus mai kulle takardu na kama shi tare da uwar. An kuma saya ma kwamfutar rumbu ondilar, wanda ke riƙe ta na ƴan mintoci in wuta ta tafi, har a kashe ta cikin natsuwa. Ana rufe ta da zane in an tashi, ana hure mata ƙura lokaci lokaci. Aikin na mutum biyu ne da aka rubuta sunayensu, domin abin da aka ce na kowa ne, ba mai yin sa.

Ribar da ban zata ba ta fito ne daga wajen yara. Akwai manhaja kyauta mai suna Kiwix, wadda ke ba da damar a sauke kundin Wikipedia sau ɗaya a ajiye, a riƙa karanta shi ba intanet. Wani abokin aikinmu da ya je Yamai ya sauko mana da na Faransanci da na Hausa, aka sa su a rumbu. Yanzu yara shida na iya zama a kwamfuta shida, wannan na karanta tarihin Daular Songhai, wancan na duba yadda jini ke zagaya jiki, duk daga diski guda, ba a sayi mega ko ɗaya ba. Uwaye kuma hankalinsu a kwance, tunda babu hanyar da yaro za ya bi ya faɗa inda bai kamata ba. Makarantar da ba ta da ɗakin littattafai ta samu abin da ya yi kama da shi. Na Hausar bai kai na Faransancin yawa ba, ko kusa, amma na ga yadda fuskar yarinya ƴar CM2 ta sauya da ta ga an rubuta labarin Damagaram da harshen da take magana da kakarta.

Ba na cewa waya da suwic za su gyara karatun ƙasar nan. Makarantu da yawa ba su da wuta, wasu ajin zana ne, wasu yara ɗari ne gaban malami guda, kuma wanda ke wannan hali allo da benci yake nema kafin komai. Maganata ga waɗanda Allah ya hore ma kwamfuta ko da uku ce, suna zaune kowace ita kaɗai, ana yawo da kile a tsakaninsu. Waɗannan sun riga sun mallaki abu mai tsadar, saura mai arahar.

Ku uwayen yara da ke zama a kwamitin COGES ko ƙungiyar uwaye, idan aka kawo maganar kuɗin kwamfuta, ba sai kun san fasaha ba kafin ku yi tambaya. Ku tambayi direkta inda makin yaranku yake ajiye, da mutum nawa ne ke iya sauya shi. Ku tambaya in kwamfutar ofis ta mutu yau da dare, ina kwafin yake, kuma yaushe aka yi na ƙarshe. Ku tambaya idan malamin CM2 ya samu canjin wuri, me za ya bar ma wanda ya gaje shi. In amsar ita ce komai na cikin kilen wane, to kun san inda ya kamata kuɗin bana su fara zuwa.

Ku kuma ƴan uwana malamai, musamman waɗanda suka daɗe a aikin, ku nemi a ba ku dosiye da sunanku wanda ba mai iya taɓawa sai ku, sannan ku zuba abin da kuka ga za ku iya. Sabon malamin da aka turo daga makarantar horon malamai, ko ɗan kwantaragin da aka ba aji bayan horon ƴan makonni, ba shi da wanda za ya koya masa yadda ake shigar da rabawa cikin kan yaro ɗan shekara tara in ba ku ba. Allah ya sa abin da muka sani ya amfani waɗanda za su zo bayanmu.